Neriak ta rikita ni: ta ina ake bi, kuma ƙanena zai iya shigowa?

Baƙon_Dare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu buga wasan kwamfutar nan na intanet, EverQuest, a Project 1999, ina neman taimako. Na buɗe nekro (mai sihirin matattu) ɗan jinsin dak elf a sabar Green, aka ajiye ni can ƙuryar garinmu Neriak, na kai wa shugaban gidanmu Xon Quexill takardar da ke jakata, ya ba ni riga. To daga nan fa abin ya cije. Garin nan duk kogo ne da lunguna, babu taswira, fitilun bango masu kala-kala duk sun yi mini kama da juna. In na fita daji na tara kaya, komawa wurin masu sayar da sihirina yana cin lokacin da ya fi na farautar kanta. Banki ma ban san inda yake ba, tagulla ta cika mini jaka har gudu ya gagare ni.

Sai ta biyu. Ƙanena yana buga kilarik (mai warkarwa) ɗan hai elf daga garinsu Felwithe. Yana so ya hau jirgin ruwa ya zo ya same ni a Neriak mu riƙa farauta tare. Wani ya ce masa ko bakin ƙofa ba zai kai ba. Haka ne?

TsohonHannu:
Wa alaikumus salam. Barka da shigowa, ƙanena. Kwantar da hankalinka, Neriak ba ta kai rikitarwar da take nunawa ba. Yanki uku ne a jere, kowanne yana kaiwa ga na gaba, kuma ƙofar fita ɗaya ce.

Daga dajin Nektulos in ka shiga kogon, Foreign Quarter za ka fara tararwa. Wannan kamar Sabon Gari yake, unguwar baƙi a bayan ganuwa: nan turol da ogar suke da shagunansu da wuraren zamansu, nan kuma baƙon da aka yi wa haƙuri yake tsayawa. Daga nan sai Commons, cikin gari ke nan. Bankin da kake nema yana nan, da gidan mayaƙa na Indigo Brotherhood, da hasumiyar The Spurned inda wizad da majishan da encanta suke koyo. Na ƙarshe shi ne Third Gate, inda aka ajiye ka. Can ne haikalin abin bautarku Innoruuk yake, da gidan ɓarayi na Ebon Mask, da gidanku na The Dead wanda kuke raba shi da shado nait.

Wato kai nekro kana da tafiya mafi nisa a garin. Duk fitarka sai ka keta yanki uku, duk dawowarka haka. Saboda haka kada ka riƙa dawowa don ƙaramin abu. Sayar da kayanka a Foreign Quarter, ka juya daji. Sai ka kai matakin sabon sihiri sannan ka nufi Third Gate, ka bi ta banki a hanya ka mayar da tagullar nan azurfa da zinariya. Goma-goma ake canzawa, tagulla zuwa azurfa, azurfa zuwa zinariya, zinariya zuwa filatinam, kuma kowane tsaba yana da nauyi.

Ummi_Tunare:
Maganar ƙanenka kuwa, wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba. Kilarik nake bugawa, ni ma 'yar Felwithe. Hai elf mai bin Tunare a ƙofar Neriak, ai abu uku ne suka haɗu a kansa: jinsinsa, sana'arsa, da abin bautar da ya zaɓa. Dogaran ba sa tambaya, da sun hango shi sai su taso. Tun a Nektulos ma akwai dogarai a bakin gada da kan hanya. Don Allah ka hana shi. In ya mutu a can, kayansa duka suna jikin gawar, shi kuma zai farka tsirara a inda aka ɗaure ransa. In bai sa an ɗaure shi a Freeport, birnin da jirgin ke sauke shi, ba, sai ya tsinci kansa can nahiyarsu Faydwer, ya sake zuwa Butcherblock ya jira jirgi ya ratsa Ocean of Tears.

Malam_Sanɗa:
Anti Ummi, ban ƙi maganarki a kan kilarik ba, amma kada sabon shiga ya ɗauka cewa duk wanda ba mugu ba Neriak ta haramta gare shi. Ni da rog ɗina ɗan haflin har Third Gate nake shiga, kuma haflin ba su da masoyi ko ɗaya a garin nan. Sanɗa da ɓuya in sun haɗu, kana tafiya a hankali ba a ganinka. Abin da ma ya fi daɗi, in ka zaga bayan mai shago kana sanɗa, yana ɗaukarka kamar wanda ba ruwansa da shi, sai ka yi ciniki ka tafi. Sharaɗin kawai ka kasance a bayansa sosai, ka kuma tabbatar sanɗar ta kama kafin ka matsa.

Ummi_Tunare:
Malam, ai kai ɓarawo ne, sana'arka ke nan. Kilarik ba shi da sanɗa, kuma layar zanan da yake da ita ta matattu ce kaɗai. Dogarin da ke numfashi yana ganinsa sarai.

Gwanki99:
Ni fa abin nan ya ba ni mamaki. A World of Warcraft in ka shiga Undercity ka ɓace, dogari kawai za ka tambaya ya kafa maka tuta a taswira. Ita ma ƙarƙashin ƙasa take, ita ma zagaye take da rikitarwa, amma aƙalla an tausaya wa mutum. Me ya sa za ku zauna kuna haddace lunguna?

TsohonHannu:
Gwanki, EverQuest ta fito a watan Maris 1999, Warcraft ɗinka sai Nuwamba 2004. Project 1999 kuma tun da aka buɗe ta a 2009 manufarta ita ce a mayar da wasan yadda yake a farko, har da rashin taswirar. EverQuest ta yanzu wadda Daybreak ke riƙe da ita tana da taswira a ciki, mai so sai ya je can. Ni dai garin da na koya da ƙafa ba ya fita daga kaina. Kuma bambancin ya wuce taswira. A naku, ɓangare biyu ne: in kai ɗan Alliance ne duk dogarin Horde maƙiyinka ne, shi ke nan, babu gyara. A nan kowane gida yana da nasa lissafin a kanka.

Hajjo_Encanta:
Wannan magana ta ƙarshe ta Yaya TsohonHannu ita ce ya kamata Baƙon_Dare ya riƙe. Ba a ce “mugu” ko “nagari” kawai a wuce ba. Neriak ɗaya ce amma ɓangarorinta da yawa. Dogaran waje Dreadguard Outer ne, na ciki Dreadguard Inner, 'yan kasuwa Dark Bargainers, sannan kowace ƙungiya da nata. Kana iya zama lafiya da mai gadin ƙofa, ka shiga wani zaure a kashe ka.

Har kai ɗan gari wannan ya shafe ka. Sarki Naythox Thex da Sarauniya Cristanos ba sa ga maciji, kuma gidanku na The Dead bayan sarauniya yake. In kana yi wa gidanku aiki za ka ga saƙo yana fitowa cewa matsayinka a wurin sarauniya ya ƙaru, a wurin sarki ya ragu. Haka nan The Spurned da The Dead ba sa jituwa. Kada ka ga wani ya ba da aiki mai lada a hasumiya ka ruga ka yi ta maimaitawa, ka zo sayen sihiri masu gidanka su juya maka baya. Duk aikin da ka miƙa, ka karanta layukan da suka biyo baya.

Makamin da ya fi komai a garin nan shi ne umarnin /con, mai nuna maka yadda mutum yake kallonka. Danna mutum daga nesa ka duba. In ka ga scowls ko threateningly, kada ka matsa, zai far maka. In dubiously ne ba zai taɓa ka ba, amma ba zai sayar maka da ko allura ba. Daga apprehensively zuwa sama ne ake ciniki.

Baƙon_Dare:
Na gode ƙwarai. Yanzu na je Commons na sami bankin, na sauke nauyi. Anti Hajjo, to ke yaya kike shiga? Na ga sunanki encanta.

Hajjo_Encanta:
Rikiɗa nake yi. Encanta tana da sihirin da ke mayar da ita siffar dak elf, sai dogari ya yi mata kallon jinsinsa. Amma rikiɗar jinsi kaɗai take sauyawa, ba ta taɓa sana'a ko abin bauta. Shi ya sa tun wurin ƙirƙirar tawa ban zaɓa mata abin bauta ko ɗaya ba, kuma mafi yawan masu encanta haka suke yi. Wanda ya zaɓi Tunare ko ya rikiɗa sai an tsane shi a wasu wuraren.

Ga abin da yake kashe mutane a Neriak: rikiɗa tana faɗuwa duk lokacin da ka tsallaka daga yanki zuwa yanki. Garin kuwa uku ne. Ka rikiɗa a Nektulos, ka shiga Foreign Quarter ka koma siffarka. Ka sake, ka shiga Commons ta sake faɗuwa. Don haka da zarar allon ya buɗe, ban motsa ko taku ɗaya ba sai na sake karanta sihirin. Ina kuma duba ƙarfin sihirina kafin in tsallaka, kada in isa can ba ni da abin karantawa. In wani abu ya taso, baya nake ja in koma yankin da na fito, don ba sa bin mutum su ƙetare iyaka.

Kurman_Dutse:
Masu bad da rog ma suna da hanya, Mask of Deception da ake samu a jikin wani gul a Lower Guk. Ita ma dak elf take mayar da mutum.

Zakin_Damagaram:
Ku yi haƙuri in shigo da wata. Ni EverQuest II na sani. A can Freeport ce birnin mugaye, Lucan D'Lere ne mai mulki, Qeynos kuma ta nagari. Neriak ma sai 2007 aka ƙara ta. Kuma in garinka ya ishe ka akwai aikin cin amana da za ka yi ka koma ɗaya ɓangaren. Ba za a yi wa ƙanen nasa haka ba?

TsohonHannu:
Zaki, wasa biyu ne daban, na biyun shekara 500 ne bayan na farko a labarin. A na farko babu cin amana. Lucan yana nan a Freeport amma shugaban Militia ne kawai, yana rigima da Knights of Truth da ke arewacin garin. Abin da za a iya yi shi ne gyara matsayi kaɗan-kaɗan. Akwai wani magatakarda a ɗakin karatu na Third Gate da ake kai wa jar giya, kowace miƙawa tana ƙara maka farin jini wurin dogarai da 'yan kasuwa. Turol da ogar da 'yan Adam masu bin Innoruuk sukan yi wannan don su sake a cikin gari. Amma sai ka iya isa gabansa da rai tukuna, ga kuɗi, ga maimaici. Ga hai elf kilarik sabon shiga, wahalar ta fi ribar.

Zakin_Damagaram:
Ni ko a wasa ba na son aikin dakon giya. Zan haƙura da garin.

Baushe_Kumasi:
Akwai abin da ba wanda ya ambata kuma shi ya fi damun mu da ke wannan nahiya: tsinkewar layi. Duk dabarun nan na sanɗa da layar zana an gina su ne a kan intanet da ba ta yankewa. Na taɓa shiga Commons da duruwid ɗina, laya a jikina, ina tsaye daf da wani dogari ina jira ya juya, aka ɗauke wuta. Kafin in kunna intanet ɗin waya in dawo, layar ta ƙare, gawata tana kwance a gaban mutumin. In layi ya tsinke, mutuminka ba ya ɓacewa nan take, yana tsaye a wurin na ɗan lokaci, komai na iya samunsa.

Kuma layar zana a wasan nan ba ta da tsayayyen wa'adi. Wani lokaci ta daɗe, wani lokaci ka yi taku kaɗan ka ga saƙon cewa ka fara bayyana. Da ka ga wannan saƙo, sakan kaɗan gare ka. Saboda haka ni yanzu ba na shiga garin maƙiya sai batirin kwamfuta a cike, kuma in na ga sama ta haɗa hadari sai in fasa. In zan tashi, lungu nake samu nesa da hanyar sintiri in zauna in yi /camp, in jira sakan 30 ɗin nan su cika.

Ummi_Tunare:
Allah sarki. Yaya ka yi da gawar?

Baushe_Kumasi:
Wani rog na samu a ramin East Commonlands. Na rubuta /consent da sunansa don in ba shi izinin taɓa gawar, ya shiga ya jawo ta da /corpse har bakin iyaka. Wahalar ita ce samun mutum, don da safiyarmu yawancin 'yan sabar suna Amurka suna barci. Sai da yamma ta yi na same shi. Na ba shi tukuici ya ƙi karɓa.

Malam_Sanɗa:
Jan gawa ai aikinmu ne, duk mai buƙata ya yi mini magana. Amma in ƙara a kan ta Baushe: mai laya ya riƙa yin /con ga duk wanda ke gabansa. In ba ya ganinka zai nuna indifferently. In ka ga scowls alhali layarka tana aiki, to wannan yana gani, ka canza hanya. A Third Gate kusa da gidan The Dead akwai matattu masu yawo, kuma layar zana ta gama-gari ba ta aiki a kansu. Ba a kuma haɗa ta da ta matattu a jiki ɗaya. Mai laya dai iyakarsa ke nan, ni da sanɗa nake wucewa.

Gwanki99:
Duk wannan don mutum ya shiga gari kawai? Wallahi kuna da haƙuri. Amma na yarda da abu ɗaya, a wurinmu shiga Orgrimmar da ɗan Alliance sai dai a zo yaƙi da taro. Babu wanda ke shiga ya yi cefane ya fita.

Kurman_Dutse:
Mu dawo kan mai tambaya, don an bar shi a tsaye. Baƙon_Dare, ga abin da ya taimake ni lokacin da nake sabo. Rubuta /loc a ƙofar banki, da ƙofar gidanku, da kowace mashiga tsakanin yankuna, ka kwafe lambobin a takarda. Ta farko tana ƙaruwa in ka nufi arewa, ta biyu in ka nufi yamma. Sannan ka ɗaura Sense Heading a kan maɓallin da kake juyawa da shi, kana tafiya tana ƙaruwa, har ta fara gaya maka inda ka fuskanta ba kuskure. Kai ka ma yi sa'a, dak elf yana gani a duhu tas. Ni da ɗan Adam na fara, shado nait daga Freeport, Nektulos da dare sai da fitila a hannu.

Kuma a mataki na 4 za ka sami Gate, wanda ke mayar da kai inda aka ɗaure ranka. A na 12 kuma kai da kanka za ka iya ɗaure shi inda ka so. Gutsattsarin ƙashin da kake samu daga ƙwarangwal a Nektulos kada ka sayar, da shi ake tada bara.

TsohonHannu:
Lambobi suna da amfani, amma ni na fi son mutum ya riƙe alamu: wannan gada, wancan ruwa, wannan allon shago. Mai bin lamba ranar da aka biyo shi a guje ba shi da lokacin karanta su.

Kurman_Dutse:
Yaya, ai ba a hana haɗa biyun ba. Kuma nekro da ya kai mataki na 16 ya sami likimo, ko an biyo shi sai ya zube ƙasa kamar matacce su juya.

Baƙon_Dare:
Duk na rubuta. Na karanta wa ƙanena maganar Anti Ummi, ya yarda ba zai zo yanzu ba, amma ya ce wata rana sai ya ga cikin garin da idonsa. To a ina za mu haɗu? Kuma gida ɗaya muke, waya ɗaya muke jona kwamfutocinmu.

Ummi_Tunare:
Ku haɗu a East Commonlands. Daga kudancin Nektulos kai tsaye kake faɗawa can, shi kuma daga Freeport ta ƙofar yamma. Wasan bai hana nagari da mugu shiga rukuni ɗaya ba, kuma a ramin nan kowa da kowa ke haɗuwa ana ciniki. Amma yanzu kai ne za ka yi hattara. Dogaran Militia suna masaukan kan hanya, kuma Sergeant Slate yana sintiri har wajen ramin. Nekro ba shi da farin jini a wurinsu, ka yi masa /con daga nesa ka kauce. Ka ga abin da ake yi wa ƙanenka a garinku, kai ma za a yi maka a nasu.

Maganar waya ɗaya kuwa, dokar Project 1999 ita ce mutum ɗaya, hali ɗaya a lokaci guda. In ku biyu ne a layi ɗaya sai kun nemi izini daga masu kula da sabar tukuna. Ku yi wannan kafin komai.

Hajjo_Encanta:
In ya nace sai ya ga garin, a bari ya ɗan girma, ya ajiye duk kayansa a banki a Freeport, a ɗaure ransa a can, ya shiga da rigar jikinsa kawai. Ni sai in sa masa laya a bakin kogo in raka shi Foreign Quarter mu juyo. Ko an kashe shi ɗan maki kawai zai rasa.

Ummi_Tunare:
Hajjo, ɗan makin nan a wurin kilarik ba ɗan kaɗan ba ne, kin san yadda muke wahala kafin mu hau mataki. Ni ban goyi baya ba.

Malam_Sanɗa:
Ni na goyi baya, in dai ba ranar hadari ba ce kamar yadda Baushe ya ce. Amma Foreign Quarter kaɗai ai bai ga komai ba, haikalin Innoruuk ne abin kallo, kuma wannan sai an keta Commons. Hajjo, layarki tana tsira in an tsallaka iyaka, rikiɗarki ce ke faɗuwa. To wa zai tsare shi a sakannin da kike sake karantawa?

Hajjo_Encanta:
Kai za ka riga mu tsallakawa ka gaya mana ko akwai dogari a bakin mashigar. In akwai, mu jira. Baƙon_Dare, mataki nawa ƙanen naka yake yanzu?